Yadda ake taimaka wa mai afasiya ya sake haɗa jimla, ya kuma fahimce ta

Mutum na iya tashi daga shanyewar ɓarin jiki da kalmomi a bakinsa, amma jimla ta gagare shi. A tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce: "Ni… banɗaki… ƙasa… asibiti." Sunayen abubuwa suna nan, abin da ke ɗaure su ne ya kwance. Wani kuma magana zuba take yi ba tsayawa, amma in aka kasa kunne ba za a gane wa ya yi me ba. Wannan lalurar harshe ita ce afasiya, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki suna fama da ita. Galibi tana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da harshe, wanda ga yawancin mutane yana gefen hagu. Shi ya sa take yawan zuwa tare da raunin hannu da ƙafar dama. Likitan Faransa Paul Broca ne ya bayyana nau'in da magana ke fita da ƙyar a 1861, sannan Carl Wernicke na Jamus ya bayyana a 1874 nau'in da magana ke gudu amma fahimta ta raunana.

Hankalin majinyacin da saninsa suna nan yadda suke. Ya san abin da yake son faɗi, hanyar fitar da shi ce ta lalace, kuma hanyar tana gyaruwa da horo.

Iyalai da yawa sukan fara da nuna masa kaya: mene ne wannan? Kofi. Wannan fa? Agogo. Ba laifi, amma ko sunaye 200 ya haddace, ba za su ba shi damar cewa "ɗiyata ta kawo mini magani" ba. Aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, shi ne turken jimla, a jikinsa ake ɗaure sauran kalmomi. Da an ce "yanka", ƙwaƙwalwa ta san akwai mai yankawa da abin da ake yankawa. Don haka duk horon da ke ƙasa daga aikatau yake tashi.

Abin da za a tabbatar kafin a fara

Wanda ya kamata ya auna majinyaci ya tsara masa shiri shi ne ƙwararren mai gyaran magana. Aikin 'yan uwa shi ne maimaita horon a gida, kuma nan ne yawancin sa'o'in suke. Kafin zama na farko, a duba abubuwa huɗu.

Gani da ji. In yana sa tabarau ko na'urar ji, a sa masa. Rauni a gefen hagu na ƙwaƙwalwa yakan ɗauke rabin gani na dama a idanu biyun, sai a jera masa kati uku ya ga biyu kacal. In kun lura yana tsallake abin da ke damansa, ku matso da katunan hagunsa ko ku jera su daga sama zuwa ƙasa.

"I" da "a'a". Masu afasiya da yawa sukan ce i alhali a'a suke nufi. A yi masa tambayoyi 10 da kun san amsarsu, kamar sunansa ko ko fitila na kunne. In ya kasa samun 8 daidai, a rubuta amsoshin biyu a takarda da alamar daidai da ta kuskure ya riƙa nunawa da yatsa.

Nauyin baki. Wanda leɓe da harshensa suka yi rauni, kalmominsa ba sa fita tsaf amma jimlarsa cikakkiya ce, kuma yana iya rubuta ta. Wannan wata lalura ce daban mai nata horon, ko da yake su biyun na iya haɗuwa a mutum ɗaya.

Karatu. In karatu ya lalace sosai ko da ma bai iya ba, hotuna da ƙananan 'yan tsana za su maye gurbin katunan rubutu. In ya iya, a yi amfani da rubutun da ya fi sabawa da shi, da harshen da ya fi bukata a rayuwarsa ta yau.

Daga nan sai awon farko. A tanadi hotuna 20 na mutane suna aikata wani abu, a ce ya faɗi abin da ke faruwa a kowanne, a naɗi muryarsa a waya. Ana ba da maki ne in jimlar ta ƙunshi mai aiki, aikin, da abin da aikin ya faɗa wa, a jere daidai. Guda 10 za a horar da su, sauran 10 a ajiye, kada a taɓa su sai ranar sake awo. Waɗannan da aka ajiye su ne za su nuna ko harshe ne ke dawowa ko hadda kawai ake yi.

Awon fahimta ya fi bukatar dabara. "Yaro ya ɗauki littafi" ba ta gwada komai, domin littafi ba ya ɗaukar yaro. Duk wanda ya gane kalmomin zai gane jimlar. Wadda ke tona matsalar ita ce jimlar da kowane ɓangare zai iya zama mai aikin: "Doki ya bi jaki." A ajiye hotuna biyu, ɗaya doki na bin jaki, ɗaya jaki na bin doki, a ce ya nuna. A yi 10 irin wannan, sannan 10 da aka juya: "Jaki ne doki ya bi." A tuna, in hotuna biyu ne, samun 5 cikin 10 kamar canke ne, ba fahimta ba.

Kayan aiki ba su da yawa: katuna kamar girman tafin hannu, alƙalami mai kauri, launi uku, da littafin rubuta sakamako. Launi ɗaya na mai aiki, ɗaya na aikatau, ɗaya na wanda aikin ya faɗa wa. Kada a sauya launukan har a gama.

Mataki na farko: ƙarfafa aikatau da abokan tafiyarsa

Wannan hanya Lisa Edmonds da abokan aikinta a Amurka suka wallafa ta a 2009 da sunan VNeST, kuma ita ta fi dacewa a fara da ita ga mafi yawan mutane. A zaɓi aikatau kamar 10 masu ɗaukar karɓau, wato wanda ko abin da aikin ke faɗa wa, masu ma'ana takamaimai kuma nesa da juna: auna, yanka, wanke, gyara, tuƙa, ɗinka, rubuta, ɗaure, share, duba. A guji "yi", "sa" da "samu". Hausa tana jingina da "yi" ƙwarai, kuma majinyaci yakan laɓe a bayansa, komai ya zama "ya yi abin nan". In an bar shi a haka, aikatau na gaske ba zai motsa ba.

A ɗauki "auna". A ajiye katinsa a tsakiya, katin "wa?" a gabansa, katin "me?" a bayansa. A tambaya: wa yake auna abu? In ya ce "mutum", a nemi ya ƙara takaitawa: wane irin mutum, mai wace sana'a? Kafinta. Me kafinta yake aunawa? Katako. A rubuta kowace amsa a katinta a jera. Ana son jeri uku da suka bambanta da juna: kafinta da katako, tela da yadi, ma'aikaciyar jinya da hawan jini. Bambancin nan shi ne zuciyar aikin, domin kowane jeri yana farkar da wani yanki na ma'anar kalmar. Ya kamata aƙalla ɗaya ya fito daga rayuwarsa, sana'arsa ko mutanen gidansa. Irin wannan ya fi zama a rai.

Sai ya karanta kowane jeri da ƙarfi. In ya ce "kafinta auna katako" ba tare da "ya" ba, a wannan matakin an karɓa. Mai taimako ya maimaita cikakkiyar jimlar sau ɗaya a hankali, a wuce.

Sai ya zaɓi jeri ɗaya a faɗaɗa shi da tambayoyi uku: a ina, yaushe, don me? A shago. Da safe. Don ya yi ƙofa. A ƙara katunan, ya karanta doguwar jimlar gaba ɗaya. "Don me" ita ce mafi wuya, kuma ita ce mafi amfani, saboda amsarta tana tilasta masa kawo aikatau na biyu.

Daga nan a kwashe katunan, a karanta masa jimloli 12, ya ce daidai ko ba daidai ba. Uku su zama daidai, uku mai aikin bai dace ba ("Jariri ya auna katako"), uku karɓau bai dace ba ("Tela ya auna hawan jini"), uku kuma a juye ("Katako ya auna kafinta"). A sa ido a kan na ƙarshen. In ya amince da su, to kalmomin yake tsinta bai bin jerinsu, kuma mataki na biyu na jiransa.

A ƙarshe a tambaye shi wane aiki aka yi ta magana a kai, sannan ya sake kawo jeri uku ba kati ba taimako. Ba dole su zama na ɗazu ba. In ya kawo sabo, alama ce mai kyau. Aikatau ɗaya na iya cin minti 20 ko fiye a makonnin farko. Kada a yi gaggawa. Biyu da aka yi sosai sun fi shida da aka yi a tsaitsaye.

Mataki na biyu: wa ya yi, wa aka yi wa

Wasu majinyata suna da aikatau da sunaye, amma ba sa iya haɗa matsayin kalma a jimla da rawar da take takawa. Sally Byng ta bayyana horon wannan matsala a Ingila a 1988, Myrna Schwartz da Eleanor Saffran kuma suka faɗaɗa shi a Amurka. A nan majinyaci ba ya bukatar yin magana da farko.

A rubuta jimla: "Yaro ya tura tsoho." A karanta tare. Tambaya ta farko koyaushe: wane aiki ake yi? Ya ja layi a ƙarƙashin "tura" da launin aikatau. Sannan: wa ya yi turin? Wa aka tura? Kowanne da launinsa. Sai ya zaɓi hoton da ya dace, ko ya nuna da 'yan tsana biyu. A riƙa sauya tsarin tambayoyi biyun ƙarshe, wani lokaci a fara da "wa aka tura". In ba haka ba, zai gano cewa amsar farko ita ce kalmar farko, ya ci jarrabawar ba tare da ya fahimci komai ba.

A bi matakan wahala kamar haka: jimlar da ba ta juyuwa ("Yarinya ta wanke riga"), sai mai juyuwa da namiji da mace ("Yarinya ta tura yaro"), sai mai juyuwa da jinsi ɗaya ("Yaro ya tura tsoho"). Hausa ta yi wa majinyaci wata alfarma a mataki na tsakiya: "ya" da "ta" suna nuna mai aikin ko da jerin ya rikice masa. A nuna masa wannan a fili, a zagaye "ta", a ja kibiya zuwa "yarinya". Amma kada a tsaya nan, domin sai an cire wannan tallafin za a san ko ya kama jerin kalmomi.

Ƙa'idar da ake yawan bi ita ce kada a hau mataki na gaba sai ya samu 8 cikin 10 a zama biyu a jere.

Mataki na uku: jimlolin da aka juya

Maganar yau da kullum cike take da jimlolin da wanda aka yi wa aikin ke zuwa farko: "Wa yaro ya tura?", "Tsoho ne yaro ya tura", "tsohon da yaro ya tura". Mai afasiya yakan ɗauki sunan farko a matsayin mai aiki, sai ya fahimci kishiyar abin da aka faɗa. Cynthia Thompson ta Jami'ar Northwestern da Lewis Shapiro sun tsara hanyar da ake nuna wa majinyaci juyin da hannu.

A jera katuna: yaro, ya tura, tsoho. Ya nuna aikin, mai aikin da wanda aka yi wa. Sai a ɗauki katin "tsoho" a gaban idonsa, a kai shi farkon jeri, a saka katin "ne" a bayansa. A bar gurbin da aka ɗauke shi a buɗe, a nuna masa: daga nan ya fito, har yanzu shi aka tura. Ya karanta. A wargaza katunan ya sake ginawa da kansa, sannan ya faɗi jimlar daga hoto ba kati. Tambaya ma haka ake yi: a ɗora katin "wa" a kan "tsoho", a ɗauke shi zuwa farko.

Akwai tarko biyu da Hausa ke da su a nan. Na ɗaya, wasu aikatau suna sauya ƙarshensu: ya kori kare, ya kore shi, kare ne ya kora. A fara da waɗanda rubutunsu ba ya sauyawa, irin su tura, kama, bi, ja, rungume. Na biyu, ƙananan kalmomin lokaci ma suna sauyawa: "yara sun tura tsoho" ta koma "tsoho ne yara suka tura", "yana" ta koma "yake". A fara da tilo a shuɗaɗɗen lokaci, jam'i ya biyo baya da katinsa na musamman.

Binciken Thompson, wanda galibi aka yi da masu jin Turanci, ya nuna wani abu mai amfani: in aka horar da jimla mai wuya, masu sauƙin da ke da irin gininta sukan gyaru tare, amma horar da mai sauƙi ba kasafai yake gyara mai wuya ba. Saboda haka wanda ke fahimtar kalmomi da kyau kuma ya wuce mataki na biyu, bai kamata a riƙe shi watanni a kan jimloli masu kalma uku ba.

Ƙananan kalmomi

"Ya", "yana", "zai" su ne sukan fi jinkirin dawowa. A yi katuna uku: jiya, yanzu, gobe. Hoto ɗaya, jimla uku: jiya ya wanke mota, yanzu yana wanke mota, gobe zai wanke mota. Mai taimako ya riƙa furtawa da baki koyaushe, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Ya tafi" ta labari da "ya tafi" ta umarni iri ɗaya suke a takarda, kunne ne ke raba su.

Yadda ake ba da taimako idan ya maƙale

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saurin faɗa masa amsa. A jira daƙiƙa 10 cur, a ƙirga a zuci. In bai zo ba, a hau tsani daga ƙaramin taimako zuwa babba: a maimaita tambayar, a ba da alamar ma'ana ("wanda ke aiki da zarto"), a kwaikwayi aikin da hannu, a fara jimlar ya ƙarasa, a ba da gaɓar farko ("ka…"), a ba shi zaɓi tsakanin kati biyu, sai a ƙarshe a faɗa ya maimaita. Duk inda ya samu amsar, ya sake faɗin jimlar gaba ɗaya, kuma a dawo kanta bayan minti biyar. A rubuta matakin da ya bukata. Wanda makon jiya sai an faɗa masa, yau gaɓar farko ta ishe shi, ya ci gaba ko da makinsa bai ƙaru ba.

Ga wanda kalma ɗaya kawai ke fita, hanyar da Kevin Kearns ya bayyana a 1985 ta fi dacewa. A nuna hoto, duk abin da ya faɗa a karɓa a gina a kai. Ya ce "ruwa". A ce: "Haka ne, yaro yana shan ruwa. Me ya sa yake sha?" Ya ce "ƙishi". A haɗa: "Yaro yana shan ruwa, yana jin ƙishi," ya maimaita iya abin da zai iya. Babu amsar da aka tanada tun farko. Shi ke jan ragamar.

Daga tebur zuwa hira

Jimlar da ta tsaya a kan kati ba ta amfane shi ba. Minti biyar na ƙarshen kowane zama a yi hira ta gaske da aikatau ɗin ranar: wa ya gyara fankar ɗakin nan? Me aka wanke yau? A kuma tsara masa gajeren zance na jimla 4 zuwa 6 a kan abin da yake bukata sosai, kamar gaya wa likita inda ke masa ciwo ko amsa waya. Shi zai zaɓi abin da za a faɗa. A karanta tare, sannan shi kaɗai da takarda, sannan ba takarda, jimla ɗaya bayan ɗaya, har ta riƙa fita ba tunani.

Mutanen gida ma su gyara nasu harshen: jimla gajera, mai aiki a farko, batu ɗaya a lokaci guda, a kashe rediyo ko talabijin. Kada a ɗaga murya, kuma kada a yi masa magana kamar ƙaramin yaro. Babba ne, kuma yana jin bambancin sarai.

Yawan horo, da abubuwan da kan ɓaci

Wani babban nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bayanan majinyata daga ƙasashe da dama, ya danganta ci gaba mafi yawa da horon sa'o'i 20 zuwa 50 a jimlace, kwana 3 zuwa 5 a mako. A gida, zama biyu na minti 20 zuwa 30 a lokacin da ya fi wartsakewa sun fi dogon zama ɗaya. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma wanda ya shekara da lalurar ma yana amfana da horo.

In ya kama kalma ɗaya yana ta maimaita ta a kowace tambaya, ba taurin kai ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta kasa sakin amsar baya. Kada a maimaita kalmar wajen gyara masa, hakan ƙara manna ta yake yi. A dakata minti ɗaya, a kawar da katin, a koma wani aiki daban.

In hotunan da aka horar sun gyaru amma 10 ɗin da aka ajiye ba su motsa ba bayan mako huɗu zuwa shida, hadda ake yi. A sauya sunaye da hotuna a kowane zama, aikatau ɗin kawai za a riƙe.

In mai yawan magana ne da ba ya jin kuskurensa, a rage masa furuci, a ƙara sauraro da nuni. A naɗi jimla ɗaya tasa a kunna masa tare da hoton, ya ce ko ta dace.

In ya fara ƙin zama, yana kuka, ba ya barci ko ba ya cin abinci, a gaya wa likita. Ciwon damuwa ya zama ruwan dare bayan shanyewar ɓarin jiki, ya fi yawa ga masu afasiya, yana kuma da magani. In kuwa magana ta ƙara lalacewa farat ɗaya, ko fuska ta karkace, ko hannu ya sake, wannan ba gajiya ba ce. A ajiye katunan a kai shi asibiti nan take, a kuma lura da lokacin da abin ya fara, domin likita zai tambaya.